Daniel Gooch: Matashin Injiniyan Da Ya Ƙera Kawunan Jirage Masu Gudu A Ingila

A ranar 18 ga Agustan 1837, kamfanin jiragen ƙasa na Great Western da ke Ingila ya ɗauki wani matashi aikin kula da dukkan kawunan jiragensa. Kwanaki shida suka rage masa ya cika shekara 21 a duniya. Sunansa Daniel Gooch. A lokacin kamfanin bai fara jigilar fasinja ba, ana cikin shimfiɗa layin dogon da zai haɗa Landan da birnin Bristol. Shekara 52 bayan haka, Gooch ya mutu yana shugaban wannan kamfani, bayan ya ƙera kawunan jirage masu aiki da tururi waɗanda suka yi zarra wajen gudu a zamaninsu.

An haife shi ranar 24 ga Agustan 1816 a garin Bedlington da ke arewacin Ingila, inda mahaifinsa ke aiki a wata masana'antar ƙarfe. Ya tashi ne a yankin da ake haƙar kwal, yankin da jirgin ƙasa mai tururi ya fara rarrafe. A 1831 iyalinsu suka koma Tredegar da ke yankin Wales, a nan ya fara koyon narka ƙarfe da zuba shi. Daga nan ya yi aiki a wasu masana'antu, har ya kai ga kamfanin Robert Stephenson da ke Newcastle, wanda a lokacin babu kamarsa wajen ƙera kawunan jirage. Gooch bai shiga jami'a ba. Abin da ya sani, a bakin wuta da teburin zane ya koye shi.

Babban injiniyan Great Western a lokacin shi ne Isambard Kingdom Brunel, mutum mai dogon buri. Sauran kamfanoni suna shimfiɗa dogo ne da faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi tsakanin ƙarafan biyu, kamar yadda George Stephenson ya faro. Brunel ya ƙi bin wannan ma'auni, ya zaɓi ƙafa 7 da rubu'in inci. Hujjarsa ita ce faffaɗan layi zai ba jirgi damar yin gudu ba tare da tangal-tangal ba. Wannan tunani ne ya ja hankalin Gooch har ya rubuta takardar neman aiki.

Sai dai abin da ya tarar bai yi daɗi ba. Brunel gwani ne a gina gadoji da fasa duwatsu, amma sharuɗɗan da ya gindaya wa masu ƙera kawunan jirage sun sa an kawo wa kamfanin wasu injuna masu siffa iri-iri, mafi yawansu marasa ƙarfi. Da aka buɗe sashen farko na layin daga tashar Paddington ta Landan zuwa Maidenhead a watan Yunin 1838, sai lalacewa ta zama ruwan dare. Gooch ya riƙa kwana a rumfar gyara domin a samu abin da zai ja taragai da safe. Kan jirgin da ya fi rufa masa asiri shi ne North Star, wanda kamfanin Stephenson ya ƙera.

Da daraktoci suka gaji da ƙorafi, sai suka juyo kan matashin, suka nemi ya rubuta musu rahoto a kan kowane inji. Lamarin ya zame masa gaba kura baya sayaki: in ya yi shiru laifin zai hau kansa, in ya faɗi gaskiya zai taɓa maigidan da ya ɗauke shi aiki. Ya zaɓi gaskiya, ya bayyana aibin kowane inji dalla-dalla. Ran Brunel ya ɓaci, amma bai riƙe shi a zuciya ba, kuma su biyun suka ci gaba da aiki tare har mutuwar Brunel a 1859. Sakamakon rahoton shi ne daraktoci suka damƙa wa Gooch aikin zana sababbin kawunan jirage da kansa.

Ya ɗauki North Star a matsayin madubi, ya gyara abin da ya ga yana buƙatar gyara, ya fito da samfurin da aka sani da Firefly. Kowane yana da manyan tayoyin ƙarfe biyu a tsakiya, masu tsayin ƙafa 7, waɗanda inji ke juyawa, da ƙananan tayoyi biyu a gaba da biyu a baya masu ɗaukar nauyi. Tsakanin 1840 da 1842 aka ƙera guda 62, a masana'antu bakwai daban-daban. Hikimar da ta fi muhimmanci a nan ba ta gudu ba ce. Gooch ya aika wa kowace masana'anta zane iri ɗaya da ma'aunai na ƙarfe iri ɗaya, ya kuma dage cewa kada wanda ya kauce musu. Ta haka kayan gyaran wani kan jirgi suke shiga wani, ko da ba wuri ɗaya aka ƙera su ba. Duk wanda motarsa ta taɓa yin makonni a gareji ana neman sifaya, zai gane darajar wannan tsari.

Ba a jima ba samfurin ya yi suna. A ranar 13 ga Yunin 1842, Sarauniya Biktoriya ta shiga jirgin ƙasa karo na farko a rayuwarta, daga Slough zuwa Paddington. Gooch ne ya tuƙa, da kan jirgi mai suna Phlegethon, Brunel na tsaye a gefensa. A ranar 1 ga Mayun 1844 kuwa, ranar da aka buɗe layin zuwa Exeter, ya tuƙa wani mai suna Actaeon tafiyar mil 194, ya kuma dawo da shi Landan a wannan rana. Wani ɗan majalisa da ke cikin jirgin ya bar Exeter da yamma, ya kuma samu zaman majalisa a Landan a daren. Kafin zuwan jirgin ƙasa, keken doki mafi sauri yakan cinye yini har da wani ɓangare na dare a wannan hanya.

Amma faffaɗan layin yana da matsalar da gudu ba ya maganinta. Duk inda ya haɗu da ƙaramin layi, kamar a garin Gloucester, tilas a sauke fasinja da kaya daga wannan jirgi a loda su a wancan. Kaya suna fashewa, wasu suna ɓata, 'yan kasuwa suna asarar lokaci da kuɗin dako. A 1845 gwamnati ta kafa kwamitin bincike, aka kuma shirya gwaji tsakanin ɓangarorin biyu. Gooch ya fito da Ixion, ɗaya daga cikin samfurin Firefly, wanda ya kai kimanin mil 60 a awa ɗauke da taragai, ya kuma yi wa abokan karawarsa fintinkau. Duk da haka kwamitin ya goyi bayan ƙaramin layi, domin a lokacin an riga an shimfiɗa kimanin mil 1,900 nasa, faffaɗan kuwa bai kai mil 300 ba. Dokar da majalisa ta yi a 1846 ta mai da ƙaramin layi ma'aunin ƙasa, sai fa inda aka ba da izini na musamman. Gooch ya ci gasar gudu, amma lissafin kasuwa ya kayar da shi.

Wannan bai sa ya saduda ba. Tun 1840 ya ba da shawarar a gina babbar ma'aikatar kamfanin a Swindon, wani ɗan ƙaramin gari da ke kan layin, aka kuma buɗe ta a 1843. A nan ya ƙera kan jirgi mai suna Great Western a 1846, mai tayoyin tuƙi masu tsayin ƙafa 8. Da sandar tayoyinsa na gaba ta karye, sai ya ƙara wasu tayoyi biyu domin a raba nauyin. Daga wannan gyara aka samu samfurin Iron Duke, wanda na farkonsa ya fito a 1847.

Dalilin girman tayoyin a fili yake. Taya mai tsayin ƙafa 8 tana cinye kusan ƙafa 25 na hanya a juyi ɗaya, saboda haka jirgi zai yi gudu sosai ba tare da an wahalar da sassan injin ba. Faɗin layin kuma ya ba da sararin ɗora babbar tukunyar tururi da faffaɗan murhu. A watan Mayun 1848, ɗaya daga cikinsu mai suna Great Britain ya yi tafiyar mil 53 daga Paddington zuwa Didcot cikin minti 47. Irinsu ne suka riƙa jan jirgin Flying Dutchman, wanda ya daɗe yana riƙe da kambun jirgin fasinja mafi sauri a duniya. An kuma baje kolin wani mai suna Lord of the Isles a babban bikin nunin kayayyaki na Landan a 1851. Rauninsu ɗaya shi ne, da taragai suka ƙara nauyi, tayoyin tuƙi biyu kacal sukan yi santsi a kan hawa.

A 1864 Gooch ya ajiye aiki, ya koma wani fage. Ya shiga cikin masu yunƙurin shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin Tekun Atlantika, ta amfani da katafaren jirgin ruwan nan Great Eastern, wanda Brunel ya zana. A yunƙurin 1865 wayar ta tsinke a tsakiyar teku, suka dawo hannu rabbana. Suka sake fita a 1866, kuma a ranar 27 ga Yuli suka isa gaɓar Newfoundland, wadda ke cikin Kanada a yau. Saƙon da a da yakan yi sama da mako guda a jirgin ruwa tsakanin Turai da Amurka, ya koma isa a rana ɗaya. Sarauniya ta ba shi sarautar girmamawa, aka riƙa kiransa Sir Daniel Gooch. Yana cikin teku a 1865 aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓar Cricklade, kujerar da ya riƙe har 1885.

A ƙarshen 1865 tsohon kamfaninsa ya sake nemo shi, wannan karo a matsayin shugaba. Bashi ya yi wa Great Western katutu saboda faɗaɗa layuka ba tare da lissafi ba, sannan rikicin bankuna na 1866 ya ƙara dagula al'amura. Mutumin da aka sani da son gudu sai ya zama mai taka burki. Ya dakatar da sababbin ayyuka, ya rage kashe kuɗi, ya lallaɓa masu bin bashi, har kamfanin ya farfaɗo. A ƙarƙashin shugabancinsa ne kuma aka riƙa mayar da sassan faffaɗan layin zuwa ƙarami, wato ya sa hannu a rushe abin da ya yi ƙuruciyarsa yana karewa, domin ya ga maslahar kamfanin tana nan. Babban aikinsa na ƙarshe shi ne ramin jirgin da ya ratsa ƙarƙashin Kogin Severn, mai tsawon fiye da mil huɗu. An fara shi a 1873, ruwa ya cika shi a 1879, amma aka daure har aka buɗe shi a 1886.

Gooch ya mutu ranar 15 ga Oktoban 1889 a gidansa da ke Clewer, kusa da Windsor, yana da shekara 73. Bai ga ƙarshen faffaɗan layin ba. A watan Mayun 1892, ma'aikata sama da 4,000 suka mayar da ragowarsa zuwa ƙarami cikin ƙarshen mako guda, aka tara kawunan jiragen da suka saura a Swindon domin a farfasa su. North Star da Lord of the Isles, waɗanda aka adana don tarihi, su ma an farfasa su a 1906 saboda ƙarancin wurin ajiya. Abin da masu ziyara ke gani a yau kwaikwayo ne: an ƙera sabon Iron Duke a 1985, da sabon Fire Fly a 2005.

Ma'aunin da ya kayar da shi kuwa ya bazu a duniya. Tsohon layin dogon da ya iso Kano a 1911 mai faɗin ƙafa 3 da rabi ne, amma sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 an shimfiɗa shi ne a kan ƙafa 4 da inci 8 da rabi, wato ma'aunin nan na Stephenson da majalisar Birtaniya ta zaɓa a 1846.