Archibald Garrod (1857–1936): Likitan da Ya Karanta Gado a Ƙunzugun Jariri

A shekarar 1901 aka haifi wani jariri a birnin Landan, a gidan da aka riga aka san ɗaya daga cikin 'ya'yansa da wata larura mai ban mamaki: fitsarinsa yakan fita kamar na kowa, amma da ya sha iska sai ya rine ya yi baƙi. Wani likitan yara mai suna Archibald Edward Garrod ya roƙi masu jinya da su sa ido a kan ƙunzugun jaririn tun daga sa'ar haihuwa. Ba a cika kwana uku ba baƙin ya bayyana. A lokacin likitoci da dama sun ɗauka ƙwayoyin cuta na hanji ne ke haddasa larurar. Garrod ya ga cewa abin da ya bayyana da wuri haka, da zarar jariri ya fara shan nono, da shi aka haife shi. Da ya bincika asalin iyayen, sai ya tarar auren zumunci ne, kakanninsu ɗaya.

An haifi Garrod a Landan ranar 25 ga Nuwamba, 1857. Mahaifinsa, Alfred Baring Garrod, shi ne likitan da ya nuna a 1848 cewa jinin masu ciwon gaɓɓai da ake kira gawut yana ɗauke da asid ɗin yurik fiye da kima. Yaron ya tashi ke nan a gidan da ake neman dalilin ciwo a cikin kwalabar gwaji. Ya yi karatun kimiyya a Jami'ar Oksfod, ya gama a 1880, ya koyi likitanci a asibitin Saint Bartholomew, ya ƙaro sani a Biyana, sannan ya kama aiki a asibitin yara na Great Ormond Street. Shekarun farko na bincikensa sun tafi ne a kan launukan fitsari, wani ɓangare tare da Frederick Gowland Hopkins. Aiki ne da ba ya jawo suna, sai dai shi ya koya masa kallon abin da jiki ke zubarwa a matsayin shaidar abin da ke gudana a cikinsa.

Larurar da ya sa a gaba, alkaptonuriya, an san ta kafin zamaninsa, kuma tun 1891 masana biyu a Jamus, Wolkow da Baumann, suka gano sinadarin da ke baƙanta fitsarin, wato asid ɗin homojentisik. Abin da Garrod ya ƙara shi ne tambayar iyaye da ƙirga 'ya'ya. A gidaje huɗu na Ingila da ya nazarta akwai mutum 11 masu larurar, kuma a uku daga cikin gidajen miji da mata 'ya'yan wa da ƙani ne ko taubasai, alhali su iyayen lafiyarsu ƙalau. Masanin halittu William Bateson, wanda ke yaɗa binciken Gregor Mendel a kan gadon tsirrai bayan an sake tono shi a 1900, shi ya ba da bayanin. Akwai halin gado da ke ɓuya: mutum zai ɗauke shi daga uwa ko uba shi kaɗai bai san yana da shi ba, sai ya auri mai ɗauke da irinsa, sannan ya fito fili a jikin kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu. Garrod ya buga wannan a mujallar The Lancet a 1902. Wannan ne karo na farko da aka nuna wata larurar ɗan Adam tana bin ƙa'idar ɓoyayyen gado ta Mendel.

Ya kamata a tsaya a nan, domin a ƙasar Hausa, inda auren zumunci yake da daraja, akan ji ana ɗora masa laifin cututtukan gado ba tare da rarrabewa ba. Garrod bai yi wannan kuren ba. A fahimtarsa auren dangi ba ya ƙirƙiro aibu. Abin da yake yi shi ne ya ba hali ɓoyayye, wanda ya gangaro daga kaka ɗaya ta hanyoyi biyu, damar haɗuwa da kansa. Tasirin haka yana da girma ne idan halin ba shi da yawa a cikin jama'a, kamar alkaptonuriya, wadda da wuya bare da bare su haɗu a kanta. Amosanin jini kuwa, wato sikila, lissafinsa daban ne. Binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a gundumar Garki a shekarun 1970, wanda Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi aikin jini a cikinsa, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da halin. A irin wannan yanayi, saurayi daga Ikara da budurwa daga Kudan da ba su haɗa ko da kakan kaka ba suna iya haifar mai sikila. Gwajin jini ne ke raba gardamar, sanin salsala kaɗai ba ya wadatarwa.

A 1908 Garrod ya gabatar da jerin laccoci a gaban ƙungiyar manyan likitocin Landan, waɗanda suka zama littafinsa Inborn Errors of Metabolism a 1909, ma'ana kurakuran da ake haifar mutum da su a sarrafa abinci cikin jiki. Ra'ayinsa shi ne jiki ba ya narkar da abu a tashi ɗaya. Mataki-mataki yake yi, kuma kowane mataki yana da nasa ma'aikacin, sinadarin da ake kira inzayim. Duk wanda ya ga yadda ake mazarƙwaila a Gazara da sauran garuruwan ƙasar Makarfi zai gane hoton: wani ya sare rake, wani ya matse, wani ya dafa ruwan, wani ya zuba a mazubi. Idan mai dafawa bai zo ba, masu matsa ba za su fasa ba, ruwan rake zai yi ta taruwa har ya yi tsami. Haka abin yake ga mai alkaptonuriya. Jikinsa yana farfasa tayirosin da fenilalanin da ke cikin nama da wake da nono har zuwa asid ɗin homojentisik, a nan aikin ya tsaya saboda rashin inzayim guda. Asid ɗin ya taru, wani ya fita ta fitsari, wani ya kwanta a guringuntsi ya baƙanta shi, har gaɓɓai su soma ciwo idan shekaru suka ja.

Larurori huɗu ya kafa hujja da su. Game da zabiya, hasashensa ya yi daidai: matakin haɗa launin fata ne ya yanke, ba wani abin da uwa ta gani ko ta taka ba. Game da sistinuriya, wadda ke sa tsakuwar mafitsara, ya yi kuskure, domin daga baya an gano ƙoda ce ke kasa mayar da sinadarin cikin jini. Bai kuma taɓa faɗa da bakinsa cewa ƙwayar gado ɗaya ce ke samar da inzayim ɗaya ba, ko da yake masu yabonsa sukan jingina masa hakan. Abin da ya fi damunsa shi ne wani tunani mai faɗi, cewa kamar yadda fuskokin mutane suka bambanta haka sinadaran jikinsu, kuma wannan bambanci ne ke sa wani ya kamu da ciwo ko magani ya ƙi shi, ɗan'uwansa ya tsira. A kan haka ya rubuta littafinsa na ƙarshe a 1931.

Girma bai ƙi shi ba. An zaɓe shi cikin Royal Society a 1910, ya zama babban likitan sojoji a tsibirin Malta lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma a 1918, ya kuma gaji William Osler a kujerar farfesan likitanci ta Oksfod a 1920. Amma yaƙin ya cinye gidansa. An kashe ɗansa Thomas a Faransa a 1915, aka kashe Alfred, wanda shi ma likita ne, a 1916. Autansu Basil ya tsira daga harsashi, sai annobar murar nan da Hausawa suka sa wa suna Marisuwa ta ɗauke shi a birnin Kolon na Jamus a farkon 1919. 'Yarsa Dorothy kaɗai ta rage, wadda ta zama masaniyar kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, kuma mace ta farko da ta hau kujerar farfesa a Jami'ar Kambirij, a 1939.

Ra'ayin nasa kuwa ya daɗe a ajiye. Likitoci suna ganin larurorin da yake magana a kai ba su da yawa, masana gado sun duƙufa kan ƙudaje da masara, masana sinadarai kuma ba ruwansu da zuriya. Ya yi ritaya a 1927, ganinsa ya raunana, ya rasu a Kambirij ranar 28 ga Maris, 1936.

Shekara biyar bayan haka, George Beadle da Edward Tatum suka nuna a Amurka, ta gwaji da wata funfuna, cewa lalata ƙwayar gado ɗaya yana tsayar da mataki ɗaya na sarrafa abinci. Da Beadle ya karɓi kyautar Nobel a 1958, ya amsa a fili cewa Garrod ya riga su ganin abin. A wannan shekara Bert La Du da abokan aikinsa suka auna hantar mai alkaptonuriya suka tarar inzayim ɗin da ya yi hasashe ba ya aiki a cikinta. François Jacob da Jacques Monod sun ƙara babin yadda ake kunna ƙwayar gado da kashe ta a 1961, babin da ɗaliban ilimin sinadaran jiki a Zariya da Kano da Sakkwato suke karantawa dab da na sarrafa abinci. Ita kanta ƙwayar gadon alkaptonuriya, masu bincike a Sifen ne suka tantance ta a 1996, shekara 60 bayan rasuwarsa.