Edward Weston: Injiniyan da ya ba masu ɗaukar hoto ma'aunin haske

Mai ɗaukar hoton biki a Gwantu ko Kafanchan a zamanin fim ya san wahalar fita daga zaure mai duhu zuwa fili da tsakar rana. In ya buɗe idon kyamara da yawa, farar riga ta ƙone; in ya tsuke shi, fuskoki su nutse cikin duhu. Kuma ba zai san ya yi kuskure ba sai bayan an wanke fim, taro ya riga ya watse. Na'urar hannu da ta rage wannan caca tana ɗauke da sunan Edward Weston.

An haife shi a garin Oswestry na ƙasar Ingila ranar 9 ga Mayu, 1850. Iyayensa sun so ya zama likita, ya kuma fara karatun, amma hankalinsa yana kan ilimin sinadarai. A 1870 ya ƙetare teku zuwa New York, inda ya samu aiki a masana'antar shafa wa ƙarfe ruwan nikel da lantarki. Batiran da ake amfani da su ba su da tabbas, sai ya ƙera injin samar da wuta ya maye gurbinsu. Daga nan ya shiga harkar fitilu, har kamfaninsa ya samu kwangilar haskaka gadar Brooklyn.

Abin da ya fi damunsa shi ne awo. A lokacin ana cinikin lantarki, amma ma'aunansa sukan saɓa wa juna, zafi ko sanyi kaɗai ya isa ya karkatar da allurarsu. A 1888 ya kafa kamfanin ƙera na'urorin awo a Newark, jihar New Jersey, ya kuma haɗa gaurayen ƙarfe biyu, konstantan da manganin, waɗanda sauyin yanayi bai cika shafar yadda wuta ke ratsa su ba. A 1893 ya samu takardar mallakar wani ƙaramin batir mai ba da ƙarfin wuta iri ɗaya kullum. Da ƙasashe suka ɗauke shi ma'aunin duniya a 1911, Weston ya yafe haƙƙinsa a kai. A ganina, cikin ƙirƙire-ƙirƙirensa sama da 300, ba abin da ya nuna halinsa kamar wannan yafiya.

Na'urar auna haske ta zo ne a ƙarshen rayuwarsa. A 1932 kamfanin ya fitar da samfurin Weston 617, wanda injiniyansa William Nelson Goodwin ya tsara. Aikinta mai sauƙi ne: haske ya faɗa kan farantin saliniyom, farantin ya haifar da ɗan lantarki, lantarkin ya motsa allura. Ba ta buƙatar batir. Mai hoto ya karanta lamba, ya juya faifan lissafi, ya ga faɗin idon kyamara da tsawon lokacin da ya dace. Kamfanin ya kuma ba kowane fim lambar saurin karɓar haske, shekaru kafin tsarin ASA ya fito a 1943. Sai dai allurar ba ta iya cafke walƙiyar filasha, don haka masu hoton dare suka ci gaba da lissafi da tazara har na'urorin baya suka cike giɓin.

Akan rikita shi da wani Edward Weston, shahararren mai ɗaukar hoto ɗan Amurka da ya rasu a 1958. Suna kawai ya haɗa su.

Weston ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1923, bayan fiye da shekaru 50 yana zaune a can. Ya rasu a Montclair ranar 20 ga Agusta, 1936, shekara uku kafin fitowar Weston Master, samfurin da ya fi yaɗa sunansa a tsakanin masu hoto.