Tarihin Jak Kusto, Bafaranshen da Ya Leƙa Ƙarƙashin Teku

Ya ku malamai da almajirai da fatake, ku sani labarinmu na yau na Jak Kusto ne, mutumin Faransa, wanda ya fara shiga teku yana yi mata ɓarna, sa'an nan ya ƙare yana tsaronta.

An haife shi ranar 11 ga Yuni, 1910, a wani ƙaramin gari kusa da birnin Bodo. A 1930 ya shiga makarantar sojan ruwa, burinsa ya zama matuƙin jirgin sama. Sai haɗarin mota ya same shi, hannuwansa biyu suka karye, burin nan ya yanke. Domin hannuwan su yi ƙarfi ya dinga iyo a bakin teku wajen garin Tulon. A can ne, cikin 1936, wani abokinsa ya ara masa tabarau na shiga ruwa. Da ya tsoma kai ya ga abin da ke ƙasa, bai sake rabuwa da teku ba har mutuwarsa.

A wancan zamani galibi mai nutso ɗayan biyu ne: ko ya riƙe numfashi ya fito da gaggawa, ko a kifa masa hular tagulla ana hura masa iska daga jirgi ta mesa, yana ɗaure kamar akuya a turke. A 1943 Kusto da wani injiniya, Emil Ganyan, suka ƙera tulunan ƙarfe da ake dannawa da iska, mutum ya goya a baya. Akwai wani makulli a jiki wanda ba ya sakin iska sai an shaƙa, kuma daidai da nauyin ruwan da ke kan mutum. Da wannan ne yawo cikin ruwa ba igiya ya sauƙaƙa ga ɗan Adam.

A 1950 ya sami jirginsa mai suna Kalifso, tsohon jirgin share nakiyoyi na lokacin yaƙi. Wani attajirin Ingila ya saye shi, ya ba shi haya a kan faran ɗaya a shekara. Amma tafiya sai da guzuri, don haka a 1954 ya yi wa wani kamfanin Ingila aikin binciken mai a tekun Abu Dabi. A 1956 ya fitar da majigi mai suna Duniyar Shiru, wanda ya ci babbar lambar gasar birnin Kan. To, a cikin majigin nan an ga mutanensa sun tayar da nakiya a tsakiyar murjani don su ƙidaya kifin da ya mutu, an kuma ga sun yi wa manyan kifayen da ake kira shak kisan gilla. Abin a fili yake, ba mai iya share shi daga tarihinsa.

Sai dai mai yawan komawa wuri ɗaya shi ke gane abin da ya ragu. Shekara bayan shekara ya ga kifi yana ƙaranci, ruwa yana gurɓata. A 1960, lokacin yana shugaban gidan nazarin teku na Monako, hukumar Faransa ta yi shirin zubar da sharar nukiliya cikin Bahar Rum. Ya tashi tsaye ya ƙi, jama'a suka zauna a kan layin dogo suka tare jirgin da ya ɗauko ta, aka janye shirin.

A 1963 ya kafa ɗakuna a ƙarƙashin Bahar Maliya, a Sha'ab Rumi, arewa da Fot Sudan, watau tekun da alhazanmu na ƙafa suka sha ƙetarewa zuwa Jidda. Mutanensa suka zauna wata guda a zurfin mita 10, suna ci suna barci a can. Daga 1968 majigansa suka shiga talabijin, mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suka san abin da ke cikinta. Ya kuma kafa ƙungiya mai sunansa don kare halittun ruwa.

Jarrabawa ba ta bar shi ba. A 1979 ɗansa Filif, wanda yake sa ran ya gaje shi, ya mutu a haɗarin jirgin sama kusa da Lisbon. Duk da haka bai ajiye aiki ba. Da ƙasashe suka shirya buɗe Antatika, ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen kudu, ga masu haƙar ma'adinai, ya bi shugabanni ɗaya bayan ɗaya, har a 1990 ya kai yara shida daga nahiyoyi shida can don a tuna da masu zuwa. A 1991 aka ƙulla yarjejeniyar Madrid wadda ta hana haƙar.

Ya rasu a Faris ranar 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87. Akwai maganar da ke yawo cewa ya musulunta. Ƙungiyarsa ta musanta wannan tun yana da rai, kuma a coci aka yi masa jana'iza. Kada malami ya ɗauki zancen da ba shi da isnadi.

Ku fatake kun san wanda ya cinye uwar kuɗi ba ya sake ganin riba. Kusto ya taɓa uwar kuɗin da hannunsa, ya farga, ya yi sauran ransa yana gargaɗin masu binsa a baya. Haza wassalam.