Ibnul Haisam, malamin Basra da ya warware lissafin karo a karkace

An haifi Abu Ali Hasan Ibnul Haisam, wanda Turawa ke kira Alhazen, a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965 miladiyya. A can ya yi karatu har ya shahara a fannin lissafi, kuma sunansa ya kai kunnen Halifa Alhakim, mai mulkin Masar a daular Faɗimiyya.

Masanin tarihi Alƙifɗi ya ruwaito cewa Ibnul Haisam ya yi iƙirarin zai iya daidaita ambaliyar Nilu, kogin da Hausawan Sudan ke noma a bakin reshensa a Mai Wurno. Halifa ya gayyato shi, ya tura shi kudu. Da ya isa yankin Aswan ya ga girman ruwan, sai ya tabbatar aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa. Alhakim kuwa ba ya wasa da wanda ya saɓa masa alkawari. Don ya tsira da ransa, malamin ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har ƙarshen mulkin halifan a 1021.

Tsakanin 1011 da 1021 ya rubuta Kitabul Manazir, littafi mai juzu'i 7 kan haske da gani. A ciki ya nuna cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, saɓanin ra'ayin wasu magabata cewa ido ke fitar da shi.

Da ya zo bayanin yadda haske ke dawowa daga madubi, sai ya kawo misalin ƙaramin ƙwallon ƙarfe da aka harba kan shafaffen ƙarfe. Idan aka harba shi a miƙe, ta hanyar da ya zo zai koma. Idan kuma a karkace ya zo, malamin ya raba tafiyarsa gida biyu: ɗaya mai nufar ƙarfen kai tsaye, ɗaya mai bin gefensa. Karon yana juya ta farkon baya, ta biyun kuwa babu abin da ya tare ta, sai ta ci gaba. In aka haɗa su, ƙwallon zai fita da kusurwa daidai da wadda ya shigo da ita. Wanda ya shigo da karkatar digiri 30 daga miƙaƙƙen layi, da digiri 30 zai fita ta ɗaya ɓangaren. Bai tsaya ga hasashe ba, ya ƙera na'urar tagulla ya auna kusurwoyin haske a madubai iri-iri.

An fassara littafin zuwa Latin, aka buga shi a Basel a 1572. A 1637 masanin Faransa René Descartes ya bi irin wannan hanya da misalin ƙwallon tanis. Har yau, ɗalibin da aka ba lissafin ƙwallayen snuka biyu da suka yi karo a karkace, da raba tafiya gida biyu yake farawa. Haka ma Arthur Compton na Amurka, a 1923, ya lissafa kusurwar da haske ke kaucewa bayan ya bugi ƙwayar lantarki, yana ɗaukar abin tamkar karon ƙwallaye biyu.

Ibnul Haisam ya ƙarasa rayuwarsa kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi da hannu yana sayarwa don ya ci abinci. Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A 2015, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa haske, hukumar UNESCO ta yi bikin cikar littafinsa shekara 1000. Akwai kuma wani rami a duniyar wata da aka raɗa wa sunansa.