Archibald Garrod: Likitan da baƙin fitsarin jarirai ya nuna masa sirrin cututtukan gado

A asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan, akwai abin da ya daɗe yana ɗaure wa Archibald Garrod kai: jariran da fitsarinsu ke rikiɗewa ya yi baƙi da zarar ya sha iska.

An haifi Garrod a 1857, kuma likitanci gadonsa ya yi a wajen mahaifinsa Alfred Garrod.

Da ya bi diddigin iyalan yaran, sai ya lura da yawansu 'ya'yan auren zumunci ne. A 1902 ya wallafa cewa wannan cuta, alkaptonuria, daga uwa da uba ake gadonta a tare, ko da su lafiyarsu ƙalau.

A 1908 ya bayyana dalili: jiki na sarrafa sinadarai ne mataki-mataki. Idan an haifi mutum da naƙasu a mataki ɗaya, abin da ba a narkar ba sai ya taru a jiki.

Likitocin zamaninsa ba su ɗauki batun da muhimmanci ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci 'ya'yansa maza biyu, murar annoba ta kashe na ukun a 1919. Ya rasu a 1936.

Yau, a kan turbarsa likitoci ke gano cututtuka irin su ƙarancin DPD, mai hana jiki narkar da sinadaran pyrimidine. Ga mai wannan lalura, maganin kansa na fluorouracil kan iya zama guba, shi ya sa asibitocin Turai ke gwada majinyaci kafin a ba shi.