Sam Barry: Kocin da ya shimfiɗa salon da Michael Jordan ya ci kofuna da shi

Duk wanda ya taɓa kallon tsofaffin bidiyon Michael Jordan a waya ya ga salon kai hari da ake kira alwatika, ko da bai san sunansa ba. Mutumin da ya kafa tushen salon kuwa bai ga ko ɗaya daga cikin kofunan ba, domin ya rasu fiye da shekara 12 kafin a haifi Jordan.

An haifi Sam Barry ranar 17 ga Disamba, 1892, a garin Aberdeen na jihar South Dakota a Amurka. Ya horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Iowa daga 1922, sannan a 1929 ya koma Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wato USC, da ke birnin Los Angeles.

A wancan zamani, duk lokacin da aka jefa ƙwallo a kwando sai a koma tsakiyar fili, alƙalin wasa ya cilla ta sama, mutum biyu su yi tsalle. Ƙungiyar da ke da dogon ɗan wasa kan riƙe ƙwallo kusan ita kaɗai. Barry na cikin waɗanda suka fi matsa lamba a soke wannan doka, aka kuma soke ta a 1937. Daga nan wasa ya ƙara sauri.

Amma abin da ya fi barin suna da shi shi ne yadda 'yan wasansa ke tsayuwa idan ƙwallo na hannunsu. Koci da yawa kan tsara hari ne tun daga gida: a kira lamba, kowa ya bi hanyar da ya haddace. Matsalar ita ce abokan hamayya ma suna haddacewa, sai su riga ka isa wurin. A salon alwatika, mutum uku ne ke tsayuwa a gefe ɗaya na fili: dogo kusa da kwando, ɗaya a gefen layi, ɗaya a kwana. Sauran biyun na ɗaya ɓangaren, kuma kowa na barin tazara mai yawa tsakaninsa da abokinsa.

Daga nan masu tsaro ne ke nuna abin da za a yi. Idan mutum biyu suka taru a kan dogon, to akwai wanda aka bari shi kaɗai, a tura masa. Idan mai tsaro ya matso gaba don tare hanyar ƙwallo, ɗan wasa ya zille ta bayansa ya nufi kwando. Idan duk suka karkato gefe guda, a juya ƙwallo zuwa ɗaya ɓangaren. Faɗar wannan da sauƙi. Wahalar ita ce mutum biyar su ga abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma gwanin cikinsu ya yarda ya saki ƙwallo.

Cikin ɗalibansa bayan Yaƙin Duniya na Biyu akwai Tex Winter, wanda ya faɗaɗa tsarin ya rubuta littafi a kansa a 1962. Winter ne ya kai shi Chicago Bulls a matsayin mataimakin koci, inda Phil Jackson ya rungume shi. Jordan bai so salon ba da farko, don yana rage masa riƙe ƙwallo. Da shi ne dai Bulls ta ci kofin NBA shida tsakanin 1991 da 1998. Kofunan 1994 da 1995 da suka kuɓuce mata, Hakeem Olajuwon haifaffen Legas ne ya ɗauke su da Houston Rockets. Jackson ya ƙara biyar da Los Angeles Lakers. Wasu ɗaliban Barry biyu, Alex Hannum da Bill Sharman, su ma sun ci kofin NBA a matsayin koci.

Barry yana kuma taimakawa wajen horar da ƙungiyar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ta USC. Ranar 23 ga Satumba, 1950, ya je garin Berkeley don nazarin yadda abokan hamayyarsu ke wasa. A can ciwon zuciya ya kama shi, ya rasu yana da shekara 57.