Abul Ƙasim Azzahrawi da leɓen jarirai

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwa a Jere ko Kafanchan ya taɓa ganin uwa da goyo, ta ja mayafi ta rufe fuskar jaririn ko da ana zafi. Sau da yawa leɓensa na sama ne a tsage tun haihuwa. Wasu su ce iska ce, wasu su ɗora wa uwar laifi, a ɓoye yaro a ɗaki har ya rame. Wannan ne ya sa yau muka ɗauko tarihin wani likita Musulmi da ya ɗauki irin waɗannan matsaloli na jarirai a matsayin abin da ake gyarawa, shekara dubu da suka wuce.

Sunansa Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas. An haife shi wajen shekarar 936 miladiyya a Andalus, ƙasar da yau ake kira Sifaniya. Laƙabinsa ya samo ne daga Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina a gefen Ƙurɗuba. Ya yi aikin likita a zamanin Halifa Alhakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, sarkin da ya shahara da tara littattafai. Ibn Hazm, wanda ya taso a ƙarshen rayuwarsa, ya lissafa shi cikin manyan likitocin Andalus.

Bayan shekaru masu yawa yana duba marasa lafiya, ya zauna ya tattara abin da ya sani a littafi guda mai suna Attasrif, kashi 30, ya kammala wajen shekarar 1000. Kashi na ƙarshe shi ne na tiyata, kuma shi ya fito da sunansa. Ya raba shi uku: lalas da ƙarfe mai zafi, sai yanka da ɗinki, sai ɗori. Ya zana kayan aiki kusan 200, da yawansu shi ya ƙirƙira, don maƙeri ya gani ya ƙera. Ya yi bayanin ɗinkin cikin jiki da zaren hanjin dabba, wanda jiki ke narkar da shi ba sai an sake buɗe mutum ba. Haƙori in yana girgiɗi, ya nuna yadda ake ɗaure shi da zaren zinariya ko azurfa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yawan babukan da ya ware wa yara ƙanana. Akwai na jaririn da aka haifa ba ƙofar fitsari, da wanda ba ƙofar bayan gida, da wanda ruwa ya taru masa a kai, da mai linzami a ƙarƙashin harshe da ke hana magana. Cikin kashin lalas kuma ya yi babi kan tsagewar leɓe, ya nuna an fi ganinta a yara. Dabararsa ita ce a gasa ɗan ƙarfe mai kamar wuƙa, a taɓa cikin tsagar, sannan a riƙa sa mai haɗe da kakin zuma har ya warke. To, gaskiya dai wannan ba zai haɗe leɓen da ya tsage har hanci ba, kuma kada kowa ya gwada shi a kan ɗansa. A zamaninsa ba allurar barci, yanka leɓen jariri yana farke abu ne mai haɗari. Ganɗa kuwa, wato rufin baki, ba a fara ɗinke ta ba sai wajen 1816 zuwa 1819, a Jamus da Faransa.

Yau an san abin da bai samu ya sani ba. Leɓe da ganɗa suna haɗuwa ne a watanni uku na farkon ciki, lokacin da mace ma wani sa'in ba ta san tana da juna biyu ba. In ɓangarorin biyu ba su haɗu ba, shi ne tsagar. A duniya ana samun kusan jariri 1 cikin 700. Gado yana ciki, haka shan taba, ciwon suga, da wasu magungunan farfaɗiya. Na leɓe ana ganinsa nan take, wani lokaci ma tun a hoton ciki. Na ganɗa shi ne mai ɓuya. Yaro ya kasa kama mama, nono na fitowa ta hanci, yana ta tsotso ba ya ƙoshi, nauyi ba ya ƙaruwa. A haska bakinsa da tocila a duba sama. Likitoci kan ɗinke leɓe tsakanin wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma tsakanin wata 9 zuwa 18, kafin magana ta zauna. Amma sai yaro yana da ƙarfi da isasshen jini, don haka ciyarwa ce aikin farko: a tatsi nono a ba shi da cokali ko ɗan kofi, kaɗan-kaɗan, a riƙe shi a zaune. Ana wannan aiki a asibitin koyarwa na Shika a Zariya da na Malam Aminu Kano, kuma ƙungiyar Smile Train na biyan kuɗin tiyatar a asibitoci da dama na Najeriya. Wanda ya girma da abin ma ana yi masa.

Azzahrawi ya sha jan kunnen ɗalibansa, waɗanda yake kira 'ya'yansa, kada su sa wuƙa a jikin da ba su san tsarinsa ba, su kuma bar aikin da ya fi ƙarfinsu. Wannan gargaɗi ya shafi 'yan'uwanmu wanzamai, don sau tari su ne na farko da ke buɗe bakin jariri a makon suna. Wanzamin da ya ga rami a rufin baki, ko ya ga beli ya rabe biyu, ya maida aska kube, ya ce wa uban ya kai asibiti. Yanke beli a irin wannan yaro yana ƙara ɓata masa magana.

A ƙarni na 12 wani malami mai suna Gerard, mutumin Kiremona, ya fassara kashin tiyatar zuwa Latin a birnin Toledo. Turawa suka juya sunan Abul Ƙasim ya koma Albucasis, suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da littafin. Babban likitan Faransa Guy de Chauliac ya ambace shi kusan sau 200 a littafin da ya gama a 1363.

Shi dai bai ga wannan ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a Andalus yana tsoho, aka washe Madinatuz Zahra wajen 1010, ya rasu bayan haka da kimanin shekara uku, wajen 1013. Kufan birnin yana nan har yau ana zuwa kallo, a cikin Ƙurɗuba kuma akwai wani ɗan titi da ke ɗauke da sunansa. Allah ya jiƙansa da rahama.